Tambaya da Amsa: Ƙanena ɗan tsere ne, amma ƙiba tana neman zaunar da shi

Tambaya

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya iyali? Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi. Ina rubuto miki ne a kan ƙanena, autan ɗakinmu, shekararsa 27. An haife shi da larurar Down. Ya yi makarantar yara masu buƙata ta musamman da ke Asokore Mampong, a can malamai suka gano yana da gudu, suka sa shi tseren mita 100 da ƙwallo. Lambobin yabonsa uku na rataye a ɗakin Mma har yau, kullum sai ya goge su da bakin rigarsa.

Shekara biyar ke nan da barinsa makaranta. A lokacin nauyinsa kilo 63 ne. Watan jiya na kai shi kemis aka ɗora shi a sikeli, kilo 84, tsayinsa kuwa mita 1 da santimita 52. Har yanzu yana zuwa atisaye ranar Asabar, amma kafin ya kai rabin fili ya dafa gwiwa yana haki. Jar rigarsa ta ƙungiyar ƙwallon Kotoko ta daina shigarsa, ranar har kuka ya yi. Da dare ana jin minsharinsa daga tsakar gida, da rana kuma yana zaune sai gyangyaɗi.

Mma wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, shi ne mai miƙa mata ganye da karɓar kwano, a gindin tukunya yake wuni. Na yi mata magana ta ce in bar mata yaro, abin da ya rage masa a duniya ke nan. Wata maƙwabciyarmu ta ce a saya masa shayin rage ƙiba, kawunmu kuma ya ce a riƙa kulle kicin. Na kai shi wani asibiti, likitan ko taɓa shi bai yi ba, ya ce haka masu irin larurarsa suke. Hajiya, haka ne? Ɗan wasa ma yana yin irin wannan ƙiba? Me zan yi ban ɓata da Mma ba, ban kuma zalunce shi ba?

Yayarsa, daga Aboabo

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa ƙaninki. Da na zo wurin jar rigar nan sai da na ajiye wasiƙar na yi shiru, don na taɓa ganin irin wannan kukan a gidanmu.

Tunda kin kawo mini lambobi, bari mu yi lissafi da su. Akwai ma'aunin da ake kira BMI: a ninka tsayin mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Na ƙaninki, 1.52 sau 1.52 ya ba da 2.31, kilo 84 a raba da 2.31 ya ba da 36. A wajen Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya fara yin yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin ciwo. Ko lokacin da yake kilo 63 yana kan 27, ya ɗan haura, gudu da zirga-zirgar makaranta ne suka riƙe shi. Ki kuma ari tef wajen tela, ki zagaya cikinsa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Abin da ake so kada ya kai rabin tsayinsa, wato santimita 76. Ki rubuta abin da kika samu a bangon littafi tare da kwanan wata. Wannan awon ya fi sikeli gaya mana gaskiya, domin kitsen da ke taruwa a tumbi shi ne mai jawo ciwon suga da hawan jini.

Kin tambaya ko ɗan wasa yana yin ƙiba. Ƙwarai kuwa. Ƙungiyar Special Olympics, wadda Eunice Kennedy Shriver ta kafa a Amurka a 1968 don masu tawayar fahimta, tun 1997 take duba lafiyar 'yan wasanta kyauta a wuraren gasa, ana auna nauyi da tsayi da hawan jini da ido da haƙori. Abin da awon ya nuna shi ne fiye da rabin manyan 'yan wasan nauyinsu ya wuce kima, mata sun fi maza, kuma abin ya fi tsanani a Arewacin Amurka. Mutanen nan duka 'yan wasa ne masu koci da rigar wasa. Dalilin ba boyayye ba ne. Atisayen awa ɗaya ranar Asabar, da tsayuwa da jiran layi a ciki, abin da yake ƙonawa a jikin mutum mai nauyin ƙaninki bai wuce kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 300 zuwa 400 ba. Lemon gwangwani biyu da ƙosai 'yan ƙwaya sun mayar da shi kafin a iso gida. Sauran kwana shidan kuma yana zaune a kan benci.

Maganar likitan nan akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, amma ya ajiye aikinsa a tsakiya. Gaskiya ne masu larurar Down, waɗanda ƙunshin ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom na 21 ya zo musu uku maimakon biyu, yawanci gajeru ne, tsokarsu tana da laushi, jikinsu kuma ba ya ƙona abinci da sauri kamar na sa'o'insu. Kwanon da wani zai cinye ya tashi lafiya, shi sai ya zauna masa. Sai dai kilo 21 cikin shekara biyar, ga minshari ga barcin rana, ba abin da za a ce "haka suke" a sallami mutum ba ne. Na daɗe ina ganin wannan a aikin jinya: da zarar an ga fuskar mai larura, sai a jingina duk abin da ke damunsa ga larurar, a daina bincike. Ki sake kai shi, wannan karon ki je da buƙatunki a rubuce.

Ki ce a yi masa gwajin tayirod. Wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke sarrafa saurin da jiki ke ƙona abinci. Raunin aikinta ya yi yawa a masu larurar Down, har likitoci suka ce a riƙa gwada su duk shekara ko shekara biyu ko da ba sa kukan komai. Alamominta kasala ne, jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida, ƙarin nauyi, da mutum ya yi sanyi a magana da motsi. Gwajin jini ne, sunansa TSH. Idan ita ce, maganin ƙwaya ɗaya ce kowace safiya kafin a ci komai, kuma na ga waɗanda cikin wata biyu zuwa uku suka dawo da kuzarinsu har iyayensu na mamaki.

Minsharin ma ki kai shi gaban likita. Wata rana da dare ki zauna kusa da shi na minti ashirin, ki saurara. Idan minsharin yana yankewa ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai can ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, to numfashinsa na ɗaukewa a cikin barci. Ki ɗauka a waya ki nuna. Wasu ma za ki tarar suna barci a zaune, ko sun kifa kai a kan gwiwa, jikin ne ke neman hanyar iska. Mai irin wannan barcin yana tashi a gajiye, gajiya tana sa ci da zama, ƙiba kuma tana ƙara toshe maƙogwaro. Haka abin yake zagayawa. A kuma auna masa suga da hawan jini, a saurari zuciyarsa, domin kusan rabin jariran da ake haifa da larurar Down suna zuwa da matsalar zuciya, wasu ba a taɓa dubawa ba.

Ba ki ce yana shan wani magani ba, amma saboda sauran masu karatu zan faɗa. Maganin farfaɗiya da za ku ga an rubuta valproate a kwalinsa, da magungunan kwantar da hankali irin su risperidone da olanzapine, suna buɗe ciki suna sa ƙiba. Kada wanda ya tsayar da su da kansa, farfaɗiya tana iya dawowa da ƙarfi. A koma wajen wanda ya rubuta, a nuna masa nauyin da aka ƙara, shi zai san ko a rage ko a canza.

Ki sabunta masa katin inshorar lafiya kafin ku je, ana yi ta waya da *929#. Dokar inshorar ta 2012 ta yafe wa wasu rukunin masu larura kuɗin shekara, ki leƙa ofishin walwalar jama'a na Asokore Mampong ki tambaya ko ya shiga ciki. Idan ƙaramin asibiti ba su da gwajin, ki nemi takardar tura ku babban asibitin Komfo Anokye. Wasu gwaje-gwajen daga aljihu ake biya, ki tambayi kuɗin tun a bakin taga don ki shirya.

Yanzu ga inda na fi son ki tsaya. Ina da ɗan goggo a Asawase, Allah ya ji ƙansa, shi ma da irin wannan larurar. Wata Juma'a ina hutu na ce yau sai na bi shi na ga abin da ke shiga cikinsa, don goggona ta rantse mini ba ya cin komai sai abin da ta zuba masa. Ƙarfe shida da rabi ta ba shi koko da suga cokali uku, da ƙosai biyar. Ya fito ƙofar gida, mai masa ta kira shi da sunan da take tsokanarsa, ta naɗe masa huɗu a takarda ta yayyafa suga. Ya je gaida mai shayi, aka haɗa masa Milo mai kauri da madara, da yankan burodi mai suga an shafe shi da bota. Wajen ƙarfe goma wani Alhaji ya tsayar da mota ya aika a sayo masa Malta mai sanyi. Yaran shagon ɗinki suka raba burkina da shi. Bayan an sauko daga masallaci aka yi rabon sadaka, shi aka fara ba, pinkaso biyu da lamurji a leda. Duk wannan kafin ya zauna ga tuwon rana. Na lissafa hannu shida da suka ciyar da shi, kowanne da zuciya ɗaya, kowanne yana neman lada, kuma babu wanda ya san da sauran biyar ɗin. Shi kuwa bai iya cewa a'a ba, an koya masa tun yana yaro cewa idan babba ya ba ka abu ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. Ciwon sugansa ba mu gano shi ba sai da wani gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa. Har yau ina jin zafin cewa ni ma'aikaciyar jinya ce a gidan, ban bi shi ba sai da aka makara.

Ki yi wannan bin. Kwana biyu, ranar kasuwa da ranar Juma'a, ba tare da kin hana kowa komai ba, ki dai rubuta. Ina kyautata zaton za ki tarar tukunyar Mma kaso ɗaya ce cikin abin da yake ci. Wannan takardar ita za ki kai wa Mma, kuma ita za ta hana ku ɓatawa, don ba za ta ji ana tuhumar hannunta ba.

Ki fahimci Mma. Matar da ta goyi yaron da mutane suka yi ta kira da sunaye marasa daɗi, wasu ma suka ce mata ɗan ruwa ne, ita ta san abin da ta haɗiye. Abinci ne hanyar da take nuna masa ƙauna kowa na gani. Ga shi mu a zango idan mutum ya yi ƙiba cewa muke ya samu kwanciyar hankali. Binciken lafiyar jama'a na Gana na 2022 ya nuna kusan rabin matan ƙasar nan masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, don haka idon Mma ya saba da jiki mai kauri, ba ta ganin ciwo a ciki. Kada ki ce mata tana kashe shi. Ki tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita, a auna ta ita ma. Sannan ki ce mata: Mma, so nake ya daɗe tare da ke, ya ci gaba da miƙa miki ganye. Inda na saɓa da ita shi ne cewar da ta yi ci ne kaɗai ya rage masa. Mutumin da ke goge lambobinsa kowace safiya, ya yi kuka a kan rigar ƙwallo, yana da abin da yake so fiye da kwano.

Ku fara da abin sha, nan ne riba ta fi yawa kuma faɗa ya fi kaɗan. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, cokalin shayi tara ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin cokali goma sha biyu a wuni, shida ma ya fi. Malta da muke ɗauka maganin ƙarin jini ita ma suga ce cike. Ba banza ba gwamnati ta ɗora wa kayan sha masu zaƙi harajin kashi 20 cikin ɗari a 2023. Ki saya masa gorar ruwa tasa ta kansa, ja idan an samu, ki ce irin ta 'yan Kotoko ce. Sobolo a yi a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, suga kaɗan. Koko a rage sugan da rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa.

Waken Mma kuwa abinci ne mai kyau, wake yana riƙe ciki. Abin da ke kansa ne matsalar: taliya, gari da aka jiƙa da mai, soyayyar ayaba, da man da ke yawo a saman miya da shito. Cokalin miya ɗaya na mai kalori 120 ne. A samo masa kwano ɗaya madaidaici wanda ya san nasa ne. Rabinsa ganye, kabeji ko latas ko kontomire, sai wake da shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunsa, sai ƙwai ko kifi. Taliya ko gari, ya zaɓi ɗaya. Da dare tuwo zafi da miyar ayoyo ko kuɓewa ya yi, malmala ɗaya, miya da yawa, a tsame man sama. Idan ya ce ƙari, a ƙara miya da ganye. Kuma kowa a gidan ya ci irin wannan. Ba zai yiwu shi yana kallon kabeji ku kuna shan lemo a gabansa ba, wannan shi ne zaluncin da kike tsoro.

Mutanen unguwa ki bi su ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, ke da kawunku. Kada ki ce su daina ba shi, za su ji kin toshe musu ƙofar lada. Ki ce likita ya hana shi zaƙi da soye-soye, mai son ba shi ya ba shi lemon ɓawo, ko yankan kankana, ko gyaɗa 'yar kaɗan, ko ya jefa sidi ɗaya a asusun sabon takalmin gudunsa. Liman ma a gaya masa, kalmarsa ɗaya bayan sallar Magariba ta fi zagayenki goma.

Sai motsi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta haɗa da manya masu larura: minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti talatin sau biyar ke nan. Da nauyinsa na yanzu kada a fara da gudu, gwiwa za ta ji jiki. Tafiya da sauri bayan sallar Asuba, kafin rana da hayaƙin motoci, minti goma sha biyar a makon farko, a riƙa ƙarawa. A samo masa abokin tafiya, wani saurayi a gida ko a makarantar allo, don shi kaɗai ba zai ɗore ba, kuma titin Aboabo da keken Pragya mai ƙafa uku sai da ido. A wajen sana'a a tashe shi daga benci: shi zai ɗebo ruwa, shi zai kai wa masu shago saƙonsu da ƙafa, shi zai share wurin.

Duk wannan kada a yi shi a bayan idonsa. Shekararsa 27, namiji ne baligi, ko da ana kiransa yaro. Ki zaunar da shi ki yi masa bayani da gajerun kalmomi, ki nuna masa hotonsa na ranar da ya ci tsere. Ki rataye jar rigar a inda zai riƙa ganinta, ki manna kalanda a ƙasa, duk ranar da ya yi tafiya shi da kansa zai sa alama. Na lura masu larurar Down suna riƙe tsari da kyau, abin da suka saba yi a kan lokaci ba sa son a taɓa musu shi. Wata rana ke za ki makara, ki ji shi yana buga miki ƙofa. Idan ya yi abin kirki a yaba masa da kai shi kallon wasa a filin Baba Yara, ko sabuwar safa, kada a yaba da abinci.

Kada ki sa ran kilo 63 a bana. Idan ya sauke kilo 4 zuwa 8 cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, suga da hawan jini da numfashi duk za su nuna. Awo sau ɗaya a wata ya isa, a sikeli ɗaya.

Shayin rage ƙiba kuwa kada ya shiga gidanku. Yawancinsu ganyen filasko ne da masu sa fitsari, ruwan jiki suke zubarwa, kitsen yana nan. Ga mai matsalar zuciya ko mai shan maganin farfaɗiya suna da hatsari, shi kuma ba lallai ya iya gaya muku cikinsa na murɗawa ba. Kulle kicin ma ban goyi baya ba a irin halinsa. Zai koya masa ɓoyo da roƙo a waje, alhali yawancin abin ma daga waje yake zuwa.

Tambaya

Hajiya, barka da aiki. Ina horar da matasa goma sha huɗu masu tawayar fahimta a wani fili a Nima, Accra, kyauta nake yi. Shida daga ciki suna da ƙiba sosai, huɗu mata ne. Masu taimaka mana lemo da biskit suke kawowa, yaran kuma don shi wasu suke zuwa. In na hana, ina tsoron su daina zuwa, masu bayarwa kuma su yi fushi.

Koci, daga Nima

Amsa

Malam koci, Allah ya biya ka. Kada ka yanke lemon rana ɗaya. Ka je wajen masu bayarwa kafin su yi sayayya, ka gode musu, ka ce da kuɗin katan ɗaya na lemo za a samu ruwan leda da ayaba da lemon ɓawo a kasuwar Nima har a yi saura. Yawancinsu abin da ya fi sauƙin ɗauka suke saye, ba wanda ya taɓa gaya musu wani abu daban. Lemon kwalba a bar shi ranar gasa. Yankan lemon ɓawon kuma ka ba 'yan wasan su yi da kansu, su raba, su tattara ɓawon. Za ka ga abin ya zama nasu.

Abin da ke kawo su fili ya fi biskit. Suna zuwa ne don a nan ake kiran sunansu da murna. Ka gayyato 'yan'uwansu da matasan unguwa su shiga ƙungiya ɗaya da su, Special Olympics ma tana da irin wannan tsarin na haɗa masu larura da marasa larura a wasa ɗaya. Ribar ita ce wanda ya yi wasa da su ranar Asabar shi zai zo ya ja su tafiya ranar Talata.

Matan huɗu ka sa musu ido na musamman. Namiji ana barinsa ya zagaya unguwa, mace mai larura kuwa tsare ta ake a ɗaki saboda tsoron miyagu, tsoron kuma yana da dalili. Sai ta wuni gaban talabijin. Ka samo mace mataimakiya wadda iyaye suka yarda da ita, ta riƙa ɗauko su tana mayarwa, a kuma bar su su yi wasa da dogon wando da hijabi.

Kowane ɗan wasa ya kawo takardar likita kafin ka tsananta masa. Masu larurar Down wasunsu ƙasusuwan saman wuyansu suna da sassauci, don haka kada su yi alkafura ko buga ƙwallo da ka sai likita ya duba. Wanda ya fara kukan wuya, ko tafiyarsa ta canza, ko hannu ya yi masa sanyi, a dakatar da shi a kai shi asibiti. Ka riƙa atisaye da sassafe ko bayan La'asar, hutun shan ruwa duk minti goma sha biyar zuwa ashirin, don mai ƙiba zafi yana saurin kama shi kuma da yawansu ba za su ce suna jin ƙishi ba. Ka rage tsayuwa a layi: ƙungiyoyi ƙanana, ƙwallo da yawa, kowa na motsi.

Tambaya

Hajiya, ɗana shekararsa 19, yana wasan jifa a makarantarsu. Ba ya ƙoshi ko kaɗan. Yana tashi da dare ya ci ɗanyen gari, har abin da aka zubar a bola. Da yana jariri kuwa ko nono ba ya iya ja, jikinsa laɓe-laɓe. Babansa yana dukansa, yana cewa haɗama ce.

Wata uwa, daga Sawaba

Amsa

'Yar'uwa, ki roƙi babansa ya ajiye bulala tun yau. Jariri mai laushin jiki da ya kasa shan nono, sannan ya girma da yunwar da ba ta mutuwa, wannan ya yi kama da larurar Prader-Willi, wadda likitoci a Suwizalan suka bayyana a 1956. Daga kuromosom na 15 take, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke gaya wa mutum ya ƙoshi ne ba ya aiki daidai. Idan ita ce, yaron yunwa yake ji ta gaske ko yanzu ya tashi daga kwano. Sau da yawa za a ga gajarta, da ƙananan hannuwa da ƙafafu, da jinkirin balaga. Ba zan iya tabbatarwa daga wasiƙa ba, gwajin jini na ƙwayoyin gado ne ke tabbatarwa. Ki nemi a tura ku Komfo Anokye, ki tafi da katin awonsa na jarirantaka idan yana nan, ki ba likita labarin nonon nan da bakinki.

A nan shawarata ta bambanta da wadda na ba yayar da ke Aboabo. Mai wannan larurar ana kulle masa kicin da firij, a kawar da bola, kuma rahama ce a gare shi, don hankalinsa yana kwanciya idan ya san babu abin nema. A tsayar masa da lokutan ci da ba sa canzawa, ya san me zai ci da ƙarfe nawa, a gaya wa malamansa da maƙwabta da mai shagon unguwa. Kuɗi kada su zauna a hannunsa. Wasan jifan ya ci gaba, a ƙara masa tafiya kullum.

Masu wannan larurar ba su cika yin amai ba, kuma ba sa jin zafin ciwo kamar sauran mutane. Idan wata rana kika ga cikinsa ya kumbura, ko ya yi amai, ko shi da ba ya ƙin abinci ya ture kwano, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi sashen gaggawa a daren.